Resident Evil 5: sun cire tsoron, sun bar mu a bakin bindiga



Yau maganar wasan kwamfuta za mu yi. Na san wani dattijo zai ce: ga tsadar hatsi, ga matsalar tsaro, ga kuran da ke ɗaukewa ba sallama, sai wasan yara ne abin magana? Baba, ka yi haƙuri ka saurara. Awannin da ɗanka ke yi riƙe da manet a rumfar play, ko kansa sunkuye bisa portabul, sun fi waɗanda yake yi yana hira da kai. Abin da ke shiga kansa cikin waɗanga awanni, ai maganar gida ce.

Wasan da nike nufi shi ne Resident Evil 5. Tsohon wasa ne, amma mu nan tsofaffin PlayStation ne ke iso mana, don haka abin da ya tsufa a Turai yana nan da ransa a hannun yaranmu. Duk lokacin da maganarsa ta taso, mutane kashi biyu suke rabuwa. Samari su ce: wasa ne kawai, mine ne abin tada jijiyar wuya? Iyaye su ce: a rufe rumfunan baki ɗaya, duk shaiɗanci ne. Ni ban tare da kowa cikinsu. Wasan ga an yi shi da gwaninta, wannan ba gardama. Amma ya ci amanar abin da anka san jerin wasannin da shi, watau tsoro, kuma abin da ya sa a gurbin tsoron shi ne taron baƙaƙen mutane da za ka yi ta harbi. A nan ƙasar Arewa, muna da dalilin da ya fi na kowa na ƙin haɗiye wanga hoto haka nan.

Bari mu fara daga tushe, don wanda bai san zancen ba. Kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan ya fito da Resident Evil na farko a 1996, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. An rufe ka cikin wani katafaren gida mai duhu, harsashi kaɗan, magani kaɗan, aljihu ƙarami. Ko adana inda ka kai ba ka iya yi sai ka samu wani ƙyallen tawada na keken rubutu, shi ma ƙidayayye ne. Kowace ƙofa ka zo buɗewa sai gabanka ya faɗi. Harsashi shida gare ka, abu biyu na tafe: ka harba ko ka ruga? Wanga lissafi shi ne zuciyar wasan. Ana ce ma irinsa wasan tsira da rai, don burinka ka fita da numfashinka, ba ka zama jarumi ba.

A 2005 na huɗu ya fito, anka kai labarin wani ƙauye na ƙasar Spaniya, anka maida kamara bayan kafaɗar ɗan wasa, harbi ya ƙaru, amma duhu da kaɗaici suna nan. Sai na biyar a watan Maris na 2009, bisa PlayStation 3 da Xbox 360. Nan ne anka kawo labarin Afirka, wani gari na ƙirƙira da sunka sa ma suna Kijuju. Kai ne Chris Redfield, Ba'amurke mai damtse kamar turmi, tare da abokiyar aikinsa Sheva Alomar, ƴar Afirka. An turo ku ku kama wani dillalin makamai masu guba, sai kunka tarar an sa ma mutanen garin wata tsutsa da ke maida mutum mahaukaci.

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta: akwai abubuwan da wasan ya yi daidai.

Na farko, wasan mutum biyu. Kai da abokinka, manet biyu, telbijin guda an raba shi gida biyu. Ɗaya ya ƙare harsashi, ɗaya ya miƙa mai. An kada kai ƙasa, in abokinka bai rugo ya tada ka ba, ku duka kun faɗi. Akwai ƙofofin da ba su buɗuwa sai kun taɓa tare, akwai ramin haƙar ma'adinai mai duhu inda ɗaya ke riƙe fitila ɗaya na harbi. Ga wurare irin namu, inda na'ura guda ke ɗaukar yara goma kuma intanet ba ta da tabbas, wanga tsari ya dace ƙwarai. Yana koya ma yaro cewa rowa na kashe ƙungiya.

Na biyu, aikin hoto. Ko yau ka kunna shi, ƙura, zafin rana, kwanon rufi mai tsatsa, inuwar da ke bin bango, duk suna da kyau. Sun yi ƙoƙarin gwada cewa ana iya firgita mutum da tsakar rana, kuma a awa ta farko sun kusa cin nasara. Wurin da anka tsare ka cikin ɗan gida, jama'a na fasa taga, wani ƙato mai gatari kamar ƙofa na tafe a hankali, wallahi yana tada hankali.

Na uku, mugun labarin na ainihi ba ɗan Kijuju ba ne. Kamfanin haɗa magunguna ne mai suna Tricell, da shugabar reshensa na Afirka Excella Gionne, da Albert Wesker, waɗanda sunka maida talakawa dabbobin gwaji. Wanga zaren labari yana da nauyi, za mu komo gare shi.

Saboda waɗanga abubuwa wasan ya sayu ƙwarai. Ya daɗe yana kan gaba cikin duk wasannin da Capcom ta taɓa saidawa, sai a 2018 Monster Hunter World ya ture shi. To amma yawan ciniki ba shi wanke laifi. Goro ma ana sayen mai tsutsa in kasuwa ta yi zafi.

Ina tsoron ya tafi? Tsoro ɗan kaɗaici ne. Wanda ya taɓa bin hanyar gona shi ɗaya bayan isha ya san haka, kuma ya san da zarar an samu na biyu ana hira, rabin fargabar ta gudu. Ranar da anka ba Chris abokiyar tafiya wadda ba ta rabuwa da shi, ranar anka kashe kaɗaicin. Sannan anka cika maka hannu da makamai: bindigar farauta, mai sarrafa kanta, mai hangen nesa, gurneti, har roka. Tsakanin babi da babi ka sayi sabbi, ka ƙara masu ƙarfi. Akwai wurin da kake bisa mota kana ɓarin wuta da babbar bindiga ga mutane masu bin ka bisa moto. Can gaba kuma abokan gaba su ma sun ɗauko bindigogi, kana laɓewa bayan bango kamar wasan soja. A ƙarshe, cikin dutse mai aman wuta, Chris ya dinga naushin wani ƙaton dutse da hannu har ya gangara. Jama'a, wanda ke naushin dutse, mi zai ji tsoro?

Abin haushi, sun bar wahalhalun tsohon tsari ba tare da amfaninsu ba. Ba ka iya tafiya kana harbi, sai ka tsaya cik. A tsohon gida mai duhu wannan na ƙara fargaba, amma a filin da mutum ashirin ke rugo maka, takaici kawai yake ƙarawa. Aljihunka gurbi tara ne, ƙwai guda na cin gurbi daidai da bindiga, rigar sulke ma gurbi take ci. In kuma ba ka da aboki, na'ura ce ke tuƙa Sheva, to ka shiga uku: ta ƙare harsashi a banza, ta fesa maka magani mai tsada don ɗan ƙwarzane, ta tsaya maka gaba lokacin da kake auna. Capcom da kanta ta gane inda hanyar ta ɓulle. Na shida a 2012 ya ƙara zurfi cikin harbe-harbe, anka yi ta sukarsa, sai a 2017 na bakwai ya komo cikin gida guda mai duhu da harsashi ƙidayayye. Ko ƙarin babin da sunka yi ma na biyar a 2010, wanda ke gudana cikin wani tsohon gida shiru, ya fi dukan wasan ban tsoro.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. In an cire tsoro daga wasan tsoro, mi ya rage? Harbi. Wa ake harbi? A nan ne nike son samarinmu su buɗe ido.

Dubi yadda wasan ke buɗewa. Kana tafiya cikin titin Kijuju, ba a fara faɗa ba tukuna. Mutane na zaune bakin hanya suna harararka, ba mai murmushi, ba mai sallama. Gefe guda wasu na dukan wani abu cikin buhu da sanduna. Mahauta da ƙudaje, nama na ruɓa. Ba yaro mai wasa, ba mace mai tuyar ƙosai, ba tsoho bisa tabarma, ba mai shayi. Tun kafin ka ga tsutsar, an riga an gaya maka cewa garin nan da mutanensa su ne abin ƙyama. Can gaba kaɗan, sai ga wata farar mace mai farin gashi ana jan ta cikin ɗaki tana kururuwa. Wanga hoto ya girmi wasan kwamfuta da shekaru ɗaruruwa, kuma an san aikin da anka yi da shi.

A babi na uku abin ya ƙara muni. An kai ka fadama cikin jirgin ruwa, ka tarar da ƙauyukan bukkoki, mutane sanye da bantunan ciyawa, jiki shafe da farar ƙasa, riƙe da masu da garkuwa, wasu da manyan abin rufe fuska, suna tsalle suna ihu. Ka harbe su, ka fasa tukwanensu, ka kwashe dukiyar da ke ciki ka je ka saida ka sayi bindiga. Ku sake karanta wanga layi. Shiga ƙauye, kashe masu mashi, kwashe dukiya, ƙara makami. Wane suna tarihi ya ba wanga aiki?

Ga kuma sakaci. Labarin ya ce Afirka ta Yamma ake, Sheva ma daga reshen Afirka ta Yamma na ƙungiyarsu take. Amma mutanen garin Swahili suke yi, harshen Tanzaniya da Kenya, dubban kilomita daga nan. Sunan da anka ba su, Majini, kalmar Swahili ce, ma'anarta aljanu. Ga wanda ya tsara wasan, Afirka gari guda ce: ɗauko harshe daga gabas, bukka daga wani wuri, mashi daga tsohon fim, a dama. Kamar a yi fim a ce Faransa ake, mutane na Rashanci suna sanye da kayan Sikotlan.

Tun da anka nuna tallan wasan a 2007 mutane sunka yi magana. Wani ɗan jarida baƙar fata na mujallar Newsweek, N'Gai Croal, ya ja hankali cewa irin waɗanga hotuna suna da tarihi, ko da wanda ya zana su bai nufi sharri ba. Masu wasan sun ce ba su da niyyar wariya, hukumar tace finafinai ta Ingila ma ta duba ta ce ba ta ga wariya ba. Ni ma ban ce wani ya zauna a Osaka yana ƙullin cin mutuncinmu ba. Amma wanda ya taka ka bai sani ba, ƙafarka dai ta ji zafi.

Samari na kawo hujja biyu, kuma sun cancanci amsa.

Hujja ta farko: a na huɗu ƴan Spaniya anka yi ta harbi, ba wanda ya yi kuka. Haka ne. Amma ɗan Spaniya in ya kashe na'ura, ya kunna telbijin ya ga Real Madrid da Barcelona, ya ga ƙasarsa cikin finafinai dubu, likitoci, malamai, masoya, ƴan kasuwa. Ƙauyen mahaukata guda ba ya canza yadda duniya ke ganinsa. Mu fa? Ƙidaya manyan wasannin da labarinsu ke gudana a Afirka baƙar fata, ka ga nawa ne ba na yaƙi, cuta ko farauta ba. In hotonka guda ne a bangon duniya, dole ka damu da yadda anka ɗauke shi.

Hujja ta biyu: ai Sheva baƙa ce, akwai kuma Kyaftin Josh Stone, sojan Afirka mai kirki. Gaskiya ne, kuma Josh na cikin mutanen da sunka fi hankali a labarin. Amma labarin na Chris ne, shi da tsohuwar abokiyarsa Jill da tsohon maƙiyinsa Wesker. Sheva rakiya take yi a ƙasarta. Kuma ladan da wasan ke ba wanda ya ƙware, har da wata sutura ta Sheva ta fatar damisa wadda ba ta rufe komi ba, an yi mata zane a jiki. Wannan ita ce darajar da anka ba ta.

Ban da haka, mu ƴan Arewa mun san cewa baƙin hannu bisa kunamar bindiga ba ya canza ma'anar harbi. A watan Afrilu na 1899, ayarin Voulet da Chanoine ya iso Lugu, nan cikin ƙasarmu, bayan ya bar ƙauyuka cikin toka a bayansa. Turawan ayarin ƴan kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin sojojin Afirka ne da anka ɗebo daga yamma. Waɗanda sunka tare su, mutanen Sarauniya Mangu, baka da kibau gare su. Daga nan ayarin ya wuce ya yi ma Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi bisa wanga tarihi a 1980, Med Hondo ya maida shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. To yaron Matankari ko Dan Kasari ko Kore Mairuwa da ke zaune yana harbin masu mashi cikin bukkoki, a wane ɓangare anka zaunar da shi? Jikan masu kibau ne, an ba shi kujerar Voulet, kuma yana biyan kuɗi don ya zauna.

Na ce za mu komo ga maganar kamfanin magani. Cikin fadamar nan akwai wata takarda da ɗan wasa ke iya tsinta, littafin tunawa na wani saurayin ƙauyen. A ciki yake ba da labarin yadda mutanen kamfanin mai sunka zo da sunan rigakafin wata cuta, anka yi ma ƴan ƙauye, yara da mata sunka mutu, maza sunka haukace sunka koma shigar kakanni. Watau mutanen da kake harbi, marasa lafiya ne da anka yaudara. Wannan ita ce takarda mafi daraja a dukan wasan, kuma an jefar da ita a lungu inda mafi yawan yara ba su tsayawa karantawa, balle da Turanci ko Faransanci take. Wasan ya san waɗanga mutane abin tausayi ne, amma bai ba ka hanyar ceton ko mutum guda cikinsu ba. Jill, Baturiya, ita an yi dabara an cire mata abin da ke juya ta, ta warke. Ƴan Kijuju dubu, maganinsu harsashi.

Labarin ga ya taɓa wani miki na gaske. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan bisa yara a Kano, gwajin da ya shafi yara wajen 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye sunka ce ba a yi masu bayani ba. A 2009, shekarar da wasan ya fito, anka sasanta da gwamnatin Kano bisa dala miliyan 75 na Amurka. Don haka tsoron a maida talaka abin gwaji yana da tushe. Amma a nan ma sai an yi hattara, don wuƙar baki biyu gare ta. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yi ma ɓarna duk rani. Rigakafin MenAfriVac da anka fara a ƙarshen 2010 a Burkina, Mali da Nijar ya karya lagon nau'in sanƙarau da ya fi kashe mu a da. Yaron da ya tashi da hoton cewa mai allura mugu ne, gobe shi ne uban da zai ɓoye ɗiyansa in ma'aikatan lafiya sun zo. Darasin Kano shi ne a tambaya, a nemi bayani, a sa ido bisa kamfanoni. Gudun rigakafi kuwa kabari yake cikawa.

To mi za a yi? Rufe rumfuna ba shi ne ba. Rumfar play sana'a ce, matasa na cin abinci da ita, kuma yaron da ka kora daga can zai samu abin da ya fi wannan muni cikin portabul, a ɗaki, ba mai gani. Abu uku nike roƙo.

Masu rumfuna, ku dubi kwalin. A Turai an rubuta 18 a jikinsa, a Amurka an ce sai mai shekara 17. Waɗanda sunka yi shi da kansu ba su yarda ɗan shekara goma ya taɓa shi ba. Don mi ɗan CM2 zai zauna gabansa a Dutsi saboda ƴan dalolin da zai biya? Ku sa ma ƙanana ƙwallo da tseren mota, ku bar wanga sai manya. Ba sai mairi ta aiko da takarda ba, ku ma kuna da ƙanne.

Iyaye da malamai, ku daina tsayawa bakin ƙofa kuna faɗa. Ku shiga ku zauna minti goma. Ku tambayi yaro: su wa kake harbi? Mi sunka yi? Sun yi kama da wa? Mushen tarihi da ke koyar da zuwan Turawa a koleji yana da darasi a shirye cikin babi na uku na wanga wasa, in ya so.

Samari manya kuma, ku yi wasanku, ba wanda ya hana. Ku ji daɗin abin da ke da daɗi a ciki. Amma kar ku ƙara ce mani wasa ne kawai. Tatsuniya ma wasa ce, amma da ita kakanninmu sunka koya mana wayon gizo da wautar ƙoƙi, kuma har mun tsufa ba mu manta ba. Capcom ta sake gina na biyu a 2019, na uku a 2020, na huɗu a 2023, kuma masoya wasan na ta gardama ko na biyar zai biyo baya. In ya biyo, muna da haƙƙin cewa: ku sa mutane cikin Kijuju, masu suna, masu iyali, waɗanda ake iya ceto.

Kuma mu daina jiran Osaka. A Yawunde, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fito da wasansu Aurion a 2016, da jaruman da sunka yi kama da su. In maganar tsoro ce, wa ya kai mu kaya? Dodon tatsuniya, Doguwa, tsohuwar rijiya, kukar da ba a bi ƙarƙashinta da tsakar rana, dutsen da garinmu ya ci sunansa in dare ya raba. Ɗan lisen da ke ƙona awa huɗu yana harbin ƴan Kijuju, da awa guda cikinsu zai fara koyon yadda ake gina wasa, da wata rana mu ma mun firgita duniya da namu labarin, kuma wanda ke riƙe da fitila a ciki ɗan Arewa ne.

Allah shi shirya mana zuri'a.